'Yan Rakiyar Da Ke Cikin Maganin Ƙwannafi

Ƙwannafi na daga cikin koke-koken da aka fi ji a ɗakin awon ciki, musamman idan ciki ya shiga wata na bakwai. Mace za ta ce ƙirjinta na zafi kamar an zuba barkono, ruwa mai tsami na taso mata har maƙogwaro, da dare kuwa ba ta samun barci sai ta jingina da filo biyu ko uku. Dalilin haka sananne ne. Sinadarin furojestaron da jiki ke yawaita samarwa domin riƙe ciki yana sassauta ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi, ga kuma mahaifa tana girma tana tura tumbin sama. Sai ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya sami hanyar komawa baya.

Mata da yawa ba sa jiran ranar awo. Maigida zai biya kemis a hanyarsa ta dawowa, ko wata maƙwabciya ta aiko da ragowar nata. Idan an zo asibiti kuma, tambayar da ake yi wa likita ita ce: "Wannan maganin ba zai taɓa abin da ke cikina ba?" Tambaya ce mai kyau, amma galibi amsarta kan tsaya ne a kan sinadari guda ɗaya, wato wanda aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Alhali yawancin abin da kika haɗiya ba shi ba ne.

Su wane ne 'yan rakiya?

Kowace ƙwaya, kafso ko maganin ruwa na ɗauke da abubuwa iri biyu. Akwai ainihin maganin da ke aikin warkarwa, akwai kuma mahaɗan da aka zuba domin su raka shi: masu ƙara masa auki har ya kai girman da za a iya ɗauka da yatsa, masu ɗaure gari ya zama ƙwaya, masu sa ta fashe idan ta isa ciki, masu zaƙi, masu ƙamshi, masu launi, da masu hana maganin ruwa lalacewa bayan an buɗe kwalba. Waɗannan ne muke kira 'yan rakiya.

A shekarar 2019 wasu masana a jami'ar MIT da asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka sun yi nazarin dubban magungunan sha. Sun gano cewa a matsakaici kashi 75 cikin 100 na nauyin ƙwaya 'yan rakiya ne, kuma kowace ƙwaya na ɗauke da iri 8 zuwa 9. Kusan kashi 45 cikin 100 na magungunan na da sukarin madara, kusan kashi 33 kuma na da launin abinci.

Kada wannan ya tsorata kowa. Ga mafi yawan mutane waɗannan mahaɗai ba sa yin komai, kuma in babu su babu maganin. Abin da muke so a gane shi ne kamfanoni biyu za su iya yin magani mai suna ɗaya da ƙarfi ɗaya, amma 'yan rakiyarsu su sha bamban. Ga mace mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko wadda jikinta ba ya son wani abu, wannan bambancin yana da muhimmanci.

Rigar da ba a so a yaga

Mu fara da ɗan rakiyar da ya fi kowanne amfani. Omefirazol, wanda mutane suka fi sani da kafson olsa, ya fara shiga kasuwa ne a 1988, kuma a cikin danginsa shi ne aka fi daɗewa ana nazarin amfaninsa ga masu juna biyu. Aikinsa shi ne rage yawan ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa. Abin mamaki, shi kansa ba ya jure wa wannan tsamin. Da zai sauka tumbi tsirara, da ya lalace kafin ya yi aiki.

Shi ya sa idan kika buɗe kafson za ki ga ba gari ba ne a ciki, 'yan ƙananan ƙwayoyi ne kamar tsabar gero. Galibi a tsakiyar kowace tsaba akwai ɗan dunƙulen sukari da sitacin masara, a kansa aka shafa maganin, sannan aka lulluɓe da wata riga da tsami ba ya narkar da ita. Tsabar za ta ratsa tumbi lafiya lau, sai ta isa ƙaramin hanji inda babu tsami sannan rigar ta narke, maganin ya shiga jini, ya dawo ta jini ya rufe famfon tsamin da ke bangon tumbi.

To ga inda matsalar take. Mai ciki da ke fama da tashin zuciya sau da yawa ba ta iya haɗiyar kafso. Sai ta tauna, ko ta buɗe ta murƙushe tsabar da bayan cokali, ko ta juye a cikin koko mai zafi. Duk wadda ta yi haka ta yaga rigar, kuɗin maigida sun tafi a banza, ƙwannafi kuma yana nan. Daga nan sai a ce maganin jabu ne, ko a ninka adadin da ake sha. Idan haɗiyar kafson ta gagara, ana iya buɗe shi a juye tsabar a cikin ɗan ruwa mara gas ko ruwan lemon zaƙi, a shanye nan take ba tare da an tauna ba, a bi da rabin kofin ruwa. Ba a haɗawa da madara, ba a haɗawa da lemon kwalba. Ƙwayar fantofirazol kuwa rigar a bayanta take gaba ɗaya, don haka ba a raba ta biyu, ba a daka ta. Lokacin da ya fi dacewa a sha irin waɗannan shi ne da safe, kamar rabin awa kafin karin kumallo.

Zafi da laima ma suna ɓata wannan magani. Yawancin kwalaye na cewa a ajiye shi inda zafi bai wuce maki 25 ko 30 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura 40. Kafson da ya wuni a kan tiren mai talla a tasha, ko a aljihun gaban mota, ba abin dogaro ba ne ko da na gaske ne.

Gishirin da ba a gani

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damun mu. Sinadarin sodiyam, wanda shi ne jigon gishirin girki, yana ɓoye a cikin magungunan ƙwannafi da dama. A wasu an zuba shi ne domin maganin ya yi kumfa idan an jefa a ruwa. A wasu kuma yana manne ne da abin da ke kashe tsamin, wato bakar soda: ɓangare ɗaya ya kashe tsami, sodiyam ɗin kuma ya wuce cikin jini ba tare da an gayyace shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato giram 5 na gishiri, ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi. Da gishirin miya da dunƙulen ɗanɗano kaɗai yawancinmu mun wuce nan. Yanzu mu duba magungunan da muka saba da su. Farin maganin nan da ake kira Mist Mag, idan an haɗa shi bisa ƙa'idar da aka sani, cokali biyu na mil 5 na ɗauke da miligiram 500 na bakar soda, wanda ya yi daidai da kusan miligiram 140 na sodiyam. Ruwan Gaviscon na asali ma kusan haka ne, miligiram 140 da 'yan kai a mil 10. Wadda ta sha iyakar abin da takardarsa ta yarda, mil 20 sau huɗu a rana, ta sha sama da miligiram 1,100, fiye da rabin kason yini guda, tun ba ta taɓa tuwo ba. Garin da ake zubawa a ruwa ya yi kumfa, irin su Andrews da Eno, su ma bakar soda ce jigonsu. Kuma mu faɗi gaskiya, mata nawa ne ke aunawa da cokali? Da yawa kwalbar ake kafawa a baki.

A 2013 an wallafa wani bincike daga Birtaniya da ya bi bayanan mutane sama da miliyan 1.2. An ga cewa waɗanda aka daɗe ana ba su magunguna masu kumfa ko masu narkewa a ruwa, masu ɗauke da sodiyam, sun fi kamuwa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki a kan waɗanda suka sha magani iri ɗaya amma mara sodiyam. Ba a kan masu ciki aka yi binciken ba, amma ya nuna cewa gishirin cikin magani gishiri ne kamar kowanne.

Ba muna cewa cokali biyu bayan cin abinci zai jawo wa mace lafiyayya jijjiga ba. Rage gishiri ma ba ya hana jijjigar masu ciki, awo a kan kari ne ke kama ta da wuri. Likitoci na rubuta Gaviscon ga masu juna biyu kullum, kuma yana taimakawa. Amma wadda ta shigo ciki da hawan jini, ko take da ciwon zuciya ko na ƙoda, ko ƙafafunta suka kumbura sosai, ya kamata ta nuna wa likita kwalbar da take sha. Akwai wasu haɗe-haɗen na alminiyam da maganiziyam da sodiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, ana iya canza mata. Shi kuwa Mist Mag, ba a so mai ciki ta mayar da shi abin sha na kullum wata da watanni ko ta riƙa shan mai yawa.

Nan ne ya kamata mu taɓo kanwa, domin ita ce maganin ƙwannafin da ke kowane kicin. Jiƙon kanwa na kwantar da ƙwannafi, babu musu, saboda ita ma dangin bakar soda ce. Sai dai babu mai iya faɗin yawan sodiyam ɗin da ke cikin ɗan ɓallin da aka jefa a kofi, balle ƙasa da sauran tarkacen da ke tare da shi. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙaro wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka, zuciyar mai ciki tana aikin tura jinin da ya ƙaru da kusan rabi, ba ta bukatar a ɗora mata lodin gishirin da ba a auna ba.

Sukari, madara da launi

Ƙwayoyin da ake taunawa ko tsotsa dole a sa musu zaƙi, in ba haka ba kamar alli suke. Ƙwayar Rennie mai ɗanɗanon na'a-na'a, alal misali, na da miligiram 475 na sukari. Sai an sha takwas ko tara kafin a kai ƙaramin cokali guda. Wannan bai kai abin tayar da hankali ba, amma mai ciwon suga na lokacin ciki da ke lissafin abin da take ci gara ta san da shi, ta nemi nau'in da ba shi da sukari. Shi kuma mara sukarin sau da yawa da sobitol ake zaƙaƙa shi, lambarsa E420, wanda idan ya yi yawa yakan kawo kumburin ciki da zawo. Wasu matan kan ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki, ashe daga kwalba ne.

Sukarin madara, wato laktos, yana cikin ƙwayoyi da kafso da yawa, amma adadinsa bai kai giram ɗaya ba, alhali kofin madara na da kusan giram 12. Yawancin waɗanda madara ke ɓata wa ciki ba za su ji komai ba. Wadda madara ke sa wa borin jini ko toshewar numfashi ita ce lallai ta faɗa kafin a ba ta kowane magani.

Launuka irin su E102 mai ruwan ɗorawa da E110 mai ruwan lemo kan tayar wa mutane ƙalilan da ƙaiƙayi ko borin jini, an fi ganin haka ga masu asma da waɗanda asfirin ba ya karɓarsu. Haka ma abubuwan hana lalacewa masu lamba E216 da E218 da ke cikin magungunan ruwa. Zaƙin asfatem, E951, da ake sawa a ƙwayoyin da ke narkewa a kan harshe, haɗarinsa na ga masu wata cutar gado ce da ba kasafai ake samunta a nan ba. Farin launin E171 kuwa Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci a 2022, amma ta bar shi a magunguna.

Ɓawon kafso

Tambayar da magidanta suka fi yi ita ce ta ɓawon kafso. Yawancinsa da jelatin ake yi, shi kuma ana samo shi ne daga fata da ƙashin dabbobi, galibi shanu ko alade, kuma ba kowane kamfani ke rubuta daga wace dabba ya samo nasa ba. A 1995 wani taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Kimiyyar Likitanci ta shirya a Kuwait ya tafi a kan cewa jelatin ya riga ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, don haka ya halatta. Wasu malaman ba su gamsu da hakan ba, musamman idan akwai madadi. Ba aikin asibiti ba ne yanke hukunci a nan. Abin da za mu iya faɗa shi ne madadin yana nan: akwai magungunan wannan dangi da ke zuwa a ƙwaya ba kafso ba, akwai kafson da ake yi da sinadarin tsirrai, sannan ga hanyar buɗe kafso da muka bayyana a sama. Abin da ba mu so shi ne mace ta karɓi magani ta ce to, ta je gida ta ajiye shi a ƙarƙashin katifa saboda shakku, mu kuma muna zaton tana sha. A faɗa mana tun a tagar ba da magani.

Wasu magungunan ruwa kuma ana narkar da su da 'yar barasa. Sirof ɗin ranitidin da aka daɗe ana amfani da shi na da kusan kashi 7.5 cikin 100. Idan akwai barasa a magani ana rubutawa a takardarsa, mai ciki kuma ta nemi wanda babu.

Idan ɗan rakiya ya gurɓata

Mafi munin abin da ya taɓa faruwa a wannan fanni ba daga mahaɗan da aka rubuta a kwali ya zo ba, daga na jabu ne. Magungunan ruwa da yawa ana haɗa su da gilisarin ko wani ruwa mai kauri makamancinsa. Akwai wata guba mai arha da ake amfani da ita a masana'antu, mai suna dayetilin gilaikol, wadda ta yi kama da su a ido, ga ta da zaƙi, amma tana kashe ƙoda. A 1937 ta kashe mutane sama da 100 a Amurka, abin da ya sa aka kafa dokar gwada magani kafin sayarwa a 1938. A 1990 yara sama da 100 sun rasu a Jos da Ibadan bayan shan sirof ɗin farasitamol da aka haɗa da ita. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya yi sanadin rasuwar yara 84 a Najeriya. A 2022 kuma aka rasa yara kusan 70 a Gambiya ta dalilin magungunan tari.

Babu maganin ƙwannafi a cikin waɗannan, amma daga irin gangunan ake ɗibar mahaɗan magungunan ruwa iri-iri. Babu yadda za a yi mutum ya gane gurɓataccen da ido ko da harshe. Kariyar da ke hannunmu ita ce sayen magani a wurin da ke da rajista, a kwalbarsa ta asali da murfinta a liƙe, mai lambar hukumar NAFDAC da lambar rukuni da ranar daina aiki. Farin maganin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna, ko ƙwayoyin da aka ƙulla a leda, ba na mai ciki ba ne komai arharsu.

Labarin ranitidin ya ɗan bambanta. Shekaru da dama shi ne maganin da ake ba masu ciki idan na ruwa ya kasa. A 2019 aka gano wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA a cikinsa, wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji idan an daɗe ana shan mai yawa, kuma yawansa na ƙaruwa idan maganin ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi. A watan Afrilun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a janye shi daga kasuwa, Turai ma ta dakatar da shi a shekarar. Duk wadda ta sami tsohon kwalinsa a durowar gida kada ta sha. Ɗan uwansa famotidin ba a same shi da wannan matsala ba.

Ranar awo

Jerin 'yan rakiya yana jikin takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwali, wadda yawancinmu ke yarwa tun a ƙofar kemis. Ana samunsa can ƙarshe, a ƙarƙashin kalmar "Excipients" ko "Inactive ingredients". Ba sai kin iya karanta shi ba. Ki zo da kwalin da takardar da kwalbar ranar awo, har da na gargajiya idan kina sha, ki miƙa wa ungozoma ko mai harhaɗa magunguna. Idan maigida ne ke sayowa, ya roƙi mai kemis ya ba shi da kwali, kar ya karɓi sashen da aka yanko da almakashi. Idan wani nau'i ya karɓe ki, riƙe sunan kamfanin. Idan aka canza miki kika ga ƙaiƙayi ko zawo, ki dawo da duka biyun a gwada jerinsu.

A wannan dubawar ce ake kama abin da ya fi ɗan rakiya haɗari. Wasu magungunan ɓacin ciki masu kumfa, kamar Alka-Seltzer na asali, na ɗauke da cikakken adadin asfirin, wanda ba a so mai ciki ta sha da kanta, musamman daga mako na 20. Wannan dabam yake da ƙaramin asfirin da likita kan rubuta wa wasu mata domin kariya daga jijjiga, wanda bai kamata a daina ba sai da izininsa.

Maganin kashe tsami yana hana jiki tsotse maganin ƙarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na kula da masu ciki na 2016, ta ce a bar tazarar awa 2 tsakaninsu. Idan kin sha jar ƙwayar ƙarin jini da ƙarfe 10 na safe, na ƙwannafi ya jira har 12. Ƙa'idojin sun kuma ce a fara gwada gyaran cin abinci kafin magani. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a rage maiƙo da yaji, kada a kwanta da zarar an gama ci, a ɗaga wajen kai idan za a yi barci.

Ba kowane zafin ƙirji ne ƙwannafi ba. Idan ciki ya wuce wata biyar, kika ji ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, wannan na iya zama alamar jijjiga na tafe. Haka nan aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. A irin wannan hali kada a tsaya neman kwalbar magani, kada a jira gari ya waye. A kawo ta ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa a auna jininta da fitsarinta, da katin awonta a hannu.